Daga Man Zurma Zuwa Yankan Filta: Tarihin Juye a Ƙananan Jiragen Sama

A garejin mota na fara riƙe sifana, kuma a can juye ba aikin manya ba ne. Ƙaramin yaron shago ake turawa ƙarƙashin mota da tsohon kwano, ya kwance noti, baƙin mai ya tsiyaye, ya murɗe filta ya wurga bayan shago, ya ɗaura sabuwa, a ɗura galan guda. Kafin mai motar ya gama cin goronsa an rufe bonet. Da wannan sabo na shiga rumfar gyaran ƙananan jirage, kuma ranar da aka fara ba ni juyen wani jirgi mai kujera huɗu haka na yi shi, cikin hanzari, ina so a ga na iya. Na ɗauki tsohuwar filtar zan jefa a duro ke nan, sai maigidana ya riƙe mini hannu. Dattijo ne da ya fi shekara talatin yana kwance injin jirgi yana ɗaurawa.

"Ina za ka kai ta?"

"Shara, Baba."

"An aiko maka wasiƙa, ba ka buɗe ba za ka kai shara? Kawo nan, yaro."

Ya ɗauko wani ƙarfe mai kama da mabuɗin gwangwani, ya zagaye gindin filtar da shi har ya rabu, ya zaro takardar da ke ciki mai ninki-ninki, ya yanke ta da wuƙa, ya matse man, ya fita da ita rana ya baje a kan benci. Sai da ya bi kowane ninki da ido da ɗan maganaɗisu, sannan ya ce, "Alhamdulillahi, lafiyarsa ƙalau. Yanzu kai ta shara." Daga ranar na gane zuba sabon mai rabin aikin ne, ɗaya rabin shi ne duba abin da tsohon ya kwaso daga cikin injin. Wannan ɗabi'a kuwa ba tare da jirgi aka haife ta ba. An daɗe ana tashi sama kafin a koye ta, kuma kuɗin makarantar ya yi tsada.

Kakan duk wani makaniken jirgi shi ne Charlie Taylor, mai gyaran keke a shagon 'yan'uwan nan Wright a garin Dayton na Amurka. Shi ya ƙera musu injin farko cikin kusan mako shida, mai silinda 4 da ƙarfin doki 12. Ranar 17 ga Disamba 1903 tashin farko daƙiƙa 12 ya yi, mafi tsawo a ranar kuma daƙiƙa 59. Injin da bai cika minti guda a sama ba, ba wanda zai zauna yi masa lissafin juye.

Zamanin da ya biyo baya shi ya fi ba ni mamaki, domin man da aka dogara da shi a lokacin a bayan gidanmu na ƙauye yake fitowa. Duk wanda ya tashi a karkara ya san zurma, wadda wasu ke ce wa cika-gida, mai tsirowa a kan juji da gindin katanga ba wanda ya shuka ta. Tsofaffi sun san man 'ya'yanta, maganin wankin ciki ne. To wajen 1908 wasu 'yan'uwa Faransawa, su Seguin, suka fito da injin da suka kira Gnome, mai silinda 7 da ƙarfin doki 50, wanda gininsa ya saɓa wa duk abin da makanike ya sani a yau. Karanshaf ɗin a kafe yake da jikin jirgi, ba ya motsi. Silindodin ne gaba ɗaya, haɗe da farfela, suke juyawa kamar fanka. Fetur da mai kuma tare suke bi ta ramin karanshaf su shiga cikin injin. Da man ƙasa aka zuba, da fetur ya narkar da shi ya tsinke. Man zurma ba ya saurin haɗuwa da fetur, kuma yana manne wa ƙarfe ko zafi ya yi zafi, shi ya sa ya zama abin nema.

Irin wannan injin ba shi da kaskon da mai zai koma. Ya shiga, ya shafi fistin da boris, juyawar injin ta wurgo shi waje ta bawul, shi ke nan ya tafi. Lita da dama ake zubarwa haka a kowace awa, a kan fukafukai, a kan tabarau, a fuskar matuƙi. Gyalen da ake ganin matuƙan Yaƙin Duniya na Ɗaya da shi a wuya a hotuna, har da goge tabarau yake yi musu, kuma an daɗe ana ba da labarin yadda man da suke shaƙa da haɗiya yake taɓa musu ciki, kamar dai yadda kakanninmu suka san halinsa. Aikin makaniken lokacin shi ne cika tanki kafin kowane tashi, da kankare danƙon da zurma ke bari idan ta huce, da kwance injin akai-akai a wanke. Juye babu shi, tunda man bai zauna ba balle ya tsufa.

Yaƙi ya nuna darajar wannan ɗan tsiro. Jiragen ruwan Ingila sun toshe wa Jamus hanyar shigo da kaya, man zurma ya yanke mata, ta koma amfani da wani madadi mai suna Voltol, injinan jiragenta masu juyawa suka riƙa cijewa a 1918. Amurka kuwa sai da ta sa manoma a jihohin kudu noman zurma a wannan shekarar saboda jirage. Sunan Castrol ma, wanda duk direba ya sani, daga sunan zurma na Turanci aka yanko shi a 1909, a kamfanin Charles Wakefield na Landan.

Bayan yaƙi injin mai juyawa ya kai iyakarsa, aka koma ga wanda silindodinsa ke tsaye wuri ɗaya, da tankin mai da famfon da ke tura shi ya zagaya ya dawo. Man ƙasa ya karɓi fage. Da mai ya fara zagayawa yana dawowa sai ya fara tara datti, a nan aka haifi juye. Injin Wright Whirlwind mai silinda 9 da ya kai Charles Lindbergh daga Niyok zuwa Faris a watan Mayu 1927 ya yi awa 33 da rabi yana aiki bai tsaya ba, abin da shekara goma kafin nan ba a yi mafarkinsa ba. Duk da haka man bai kai ko'ina ba. Hannuwan da ke danna bawul a kan silinda da giris ake shafa su. Shi ya sa a 1935, da Al Key da ɗan'uwansa Fred suka yi kwana 27 a sama a garin Meridian na jihar Mississippi ba su sauka ba, sai da aka ƙera musu wani ɗan siraɗi na ƙarfe a gefen injin, Fred ya riƙa fita yana takawa a kai, farfela na juyawa a gabansa, yana ba injin giris.

Ƙananan jiragen da muke gyarawa a yau zuriyar wasu injina ne da suka bayyana daga shekarun 1930: masu silinda huɗu ko shida a kwance, rabi na fuskantar rabi, iska ke sanyaya su. Kamfanoni biyu suka mallaki kasuwar, Continental da Lycoming, na biyun yana garin Williamsport a jihar Pennsylvania, kuma asalinsa keken ɗinki da keken hawa ake ƙerawa a wurin. Injin A-65 na jirgin Piper Cub kwat 4 na mai yake ɗauka, kuma abin da ke tace masa shi wata 'yar rariya ce ta waya, tsawon ɗan yatsa ko fiye kaɗan. Takan kama manyan gutsattsari, ƙananan kuwa su wuce abinsu. Man lokacin ma tsurarsa ne, ba a haɗa masa komai ba, don haka datti sai ya kwanta a lungunan injin ya zama taɓo. Maganin da ake da shi ɗaya ne, a zubar da man da wuri. Daga nan ƙa'idar awa 25 ta samo tushe, kuma har gobe ita ke kan duk injin da rariya kaɗai gare shi.

Abu biyu suka sauya lamarin, kusan lokaci guda. A 1958 kamfanin Shell ya fito da man jirgi mai sinadarin da ke riƙe datti yana yawo cikin mai, ba ya barin sa ya kwanta, kuma idan ya ƙone ba ya barin toka a kan fulogi. Na biyu kuma daga mota aka aro shi. Tun 1923 Ernest Sweetland da George Greenhalgh suka ƙirƙiro matatar mai ta mota da suka sa wa suna Purolator, a shekarun 1950 kuma aka fito da irin ta gwangwani da ake murɗawa a ɗaura, a murɗe a cire. Da ta iso jirgi sai abin ya yi daidai: mai ya ɗauko datti, takarda ta kama. Ƙa'idar Lycoming ta zama awa 50 ga mai filta, awa 25 ga mai rariya, ko wata 4, duk wanda ya riga cika. Tsuran man ma bai mutu ba. Da shi ake raino sabon injin a awoyinsa na farko, har ringi ya zauna da bangon silinda.

Juyen da ya fi kowanne suna a tarihi kuwa ba a ƙasa aka yi shi ba. Ranar 4 ga Disamba 1958, Robert Timm da John Cook suka tashi daga Las Vegas a cikin Cessna 172, irin ƙaramin jirgin da ɗalibai ke koyon tuƙi da shi, ɗauke da sunan otal ɗin Hacienda da ya ɗauki nauyin tafiyar. Ba su sauka ba sai 7 ga Fabrairu 1959, kwana 64 da awa 22. An ɗaura wa jirgin ƙarin tanki mai cin galan 95 a ƙarƙashin ciki. Idan fetur ya yi ƙasa sai su sauko daf da wata miƙaƙƙiyar hanya a cikin hamada, mota na gudu a ƙarƙashinsu, su zuro ƙugiya su jawo tiyo. Ta haka abinci ma yake isa gare su. Amma duk makaniken da ya ji labarin tambaya ɗaya yake fara yi: man fa? Injin Continental mai silinda 6 ba zai yi awa 1,558 da mai ɗaya ba. To tun kafin tashi an jawo bututan mai an ratsa da su bangon da ke tsakanin injin da mazaunin matuƙa, ta yadda daga ciki za a zare tsohon mai, a ƙara sabo, a sauya filta, injin yana ta aiki. Na sha zama ina kwatanta wannan a raina. Ni da ke juye a ƙasa, injin a kashe, da fitila da tsumma da wurin tsayawa, nakan ƙone hannu. Su kuwa a matse, ga rashin barci, ga janaretan jirgin ya mutu musu a hanya har fetur ma da famfon hannu suke tura shi. Abin da ya sauko da su a ƙarshe gawayi ne da ya taru a kan fulogi da cikin silinda, ƙarfin injin ya ragu har jirgin yana hawa da ƙyar idan ya sha fetur ya ƙoshi. Ba wani jirgi mai matuƙi a ciki da ya karya tarihin nan har yau, kuma jirgin yana rataye a filin jiragen Las Vegas.

Direbobi sukan tambaye ni me ya sa mota ke cin dubban kilomita da mai ɗaya, jirgi kuwa awa 50 an zubar. Dalili na farko dalma ce. Fetur ɗin mota ya rabu da ita a duk duniya tun 2021, amma shuɗin fetur na jirage, 100LL, har yanzu yana ɗauke da ita, kusan rabin giram a kowace lita. Injin da iska ke sanyayawa kuma ba a matse fistin ɗinsa kamar na mota ba, saboda zafi na buɗa ƙarfe, don haka hayaƙi na tsallake ringi ya gangara cikin mai da dalmarsa. Shi ya sa tsohon man jirgi yakan fito da launin toka-toka. An taɓa ƙoƙarin tsawaita lokacin. A 1987 kamfanin Mobil ya kawo man AV-1, wanda gaba ɗayansa haɗin ɗakin bincike ne, irin wanda ya yi nasara a mota. Sai aka tarar ba ya iya riƙe dalma, tana kwantawa ta zama taɓo ta toshe ringi da hanyoyin mai. A 1994 aka janye shi daga kasuwa, maganar ta kai har kotu.

Dalili na biyu ruwa ne, kuma shi ya fi yaudarar masu jirgi. Duk litar fetur da ta ƙone tana haifar da kusan litar ruwa a matsayin tururi, wani ya fita ta salansa, wani ya sauka cikin mai ya haɗu da dattin ƙuna ya zama asid. Ba abin da ke korar sa sai a tashi jirgin, man ya yi zafin kusan digiri 82 na tsawon lokaci. A injin Lycoming kuma kamshaf a sama yake, bisa karanshaf, don haka idan jirgi ya daɗe a ajiye man sai ya tsiyaye ya bar shi tsirara.

Na ga wannan da idona. Wani bawan Allah yana da jirgi da ba ya tashi sai jifa-jifa, damina guda ta wuce a kansa yana rumfa. Da muka ce lokacin juye ya yi sai ransa ya ɓaci. "Awa goma fa kawai ya yi tun na baya. Man nan da tsadarsa za ku zubar?" Maigidana ya ce, "Ranka ya daɗe, watanni muke ƙirgawa yanzu, ba awoyi ba." Ya yarda da ƙyar. Ni na yanka filtar. Da na bi ninki na uku da maganaɗisu sai ya fito da gashi-gashin baƙin ƙarfe a bakinsa kamar ƙaiƙayin gero. Na sake bi, ya sake ɗaukowa. Muka cire silinda ɗaya muka haska fitila ciki. Kan ɗaya daga tudun kamshaf ɗin ya cinye, fuskar ƙarfen da ke gogarsa kuwa duk ramuka kamar zanzana. Injin nan da safiyar ranar ya tashi lafiya, ƙararsa daɗi, agogon mai bai nuna komai ba. Aka kira mai jirgin, maigidana ya miƙa masa maganaɗisun ya ce, "Ga shi, Yallabai, taɓa ka ji." Ya murza a yatsunsa, ya yi shiru, can ya ce, "A sauke shi." Da iyalinsa yake niyyar tafiya a wannan makon.

Kowane abu da ke kan takardar nan da harshensa. Baƙin da ka murza ya farfashe gawayi ne, ba damuwa. Wanda ya bi maganaɗisu ƙarfe ne, galibi daga kamshaf ko bangon silinda. Fari mai ƙyalli da ya ƙi bin maganaɗisu alminiyam ne, a duba fistin. Ja-ja kuma tagulla ce, daga bushi. Kamfanin Lycoming ma da ƙaramin cokalin shayi yake auna yawansa a takardun umarninsa, kuma idan ya kai rabin cokali maganar sauke injin ake yi. Abin da ido ba ya gani kuma ɗakin bincike ke gani, dabarar da wani kamfanin jirgin ƙasa na Amurka, Denver and Rio Grande Western, ya fara a shekarun 1940, sojojin ruwan ƙasar suka ɗauka don jiragensu na sama a shekarun 1950. Ana tarar ɗan mai a kwalba daga tsakiyar zuba, ba farko ba, ba ƙarshe ba, a aika. A ƙasarmu abin da nake fara nema a sakamakon shi ne yashi. Ƙurar hunturu idan ta sami ɗan tsagi a matatar iska, cikin 'yan awoyi takan yi wa silinda aikin sanfefa.

Sauran aikin kuwa hannu ne da natsuwa. A ɗumama injin tukuna don datti ya taso. A shafa wa robar sabuwar filta ɗan mai, a ɗaure ta da sifana mai awo, tsakanin 16 da 18 a ma'aunin Amurka, ba da ƙarfin damtse ba. A rubuta kwanan wata da awoyin injin a jikinta. Sai wayar kulle, siririyar waya da ba ta tsatsa, a murɗa ta shida zuwa takwas a kowane inci, a ja ta ɓangaren da filtar ke ɗauruwa. Wanda ya ja ta baibai ya ɗaura abin da zai taimaka mata kwancewa, kuma maigidana ko kallo na biyu ba ya yi, fulaya yake sawa ya datse ya ce a sake. Injin O-320 na Lycoming kwat 8 yake ɗauka, kusan lita 7 da rabi. A tayar da shi ido na kan agogon mai. Idan allurar ba ta motsa ba cikin daƙiƙa 30, a kashe. A leƙa ko'ina ko akwai yoyo. Sannan a rubuta a littafin injin, a sa hannu. A Amurka doka ta yarda mai jirgi da ke da lasisin tuƙi ya yi wa jirginsa juye da kansa, amma shi ma sai ya rubuta ya sa hannu.

Wannan sana'a ta daɗe da zama tamu. Tun 1964 aka kafa kwalejin koyon aikin jiragen sama a Zariya, kuma jiragen Tampico da ɗalibai suka daɗe suna koyon tuƙi da su a can injin Lycoming ne a gabansu. Haka ƙananan jiragen Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna don horar da sojojin sama. 'Ya'yanmu da yawa sun murɗa wayar kulle a kan waɗannan injina, wasu sun tsufa a kai.

Abin da nake roƙon masu ƙananan jirage da makarantun tuƙi shi ne a saya wa makanikai mayankin filta, kuɗinsa bai kai na cika tanki sau ɗaya ba, kuma a ba su lokacin amfani da shi, kada a tsaya musu a ka ana duba agogo. Kai kuma mai jirgi, duk ranar da aka yi maka juye, ka ce a kawo maka takardar filtar a baje a rana ka gani da idonka kafin ka karɓi makulli.